Idon Baƙo da Guzurin Dogon Zama: Nazari Bisa Hoton Matafiyi

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma su ne dai suka ce baƙo ko da idanunsa makaho ne. Kamar dai maganganun biyu suna ja-in-ja da juna, amma duk wanda ya taɓa sauka garin da bai sani ba ya shaida kowace da gaskiyarta. Idon baƙo a buɗe yake, yana kwasar duk abin da ya gifta, sai dai bai san tsaba ba, bai san ƙaiƙayi ba. To, yaya ke nan idan aka danƙa wa wannan makaho mai ido na'urar ɗaukar hoto?

Tambayar ta shafe mu kai tsaye. Kowace shekara, da damina ta fara ja da baya, samari da ƴan mata na ƙasar nan suna ɗaure kaya domin karatu ko biɗar abinci a Maroko, Aljeriya, Turkiyya, Sin, Masar ko Faransa, zaman da kan kai shekara 3 ko 5, wani ma sai abin da Allah ya yi. Shirin tafiyar sananne ne: fasfo da biza, katin rigakafi, rigar sanyi, ƙullin kilishi da yaji da busasshiyar kuɓewa, sa'an nan ban kwana da neman albarkar iyaye. Cikin aljihun kowannensu akwai salula mai kamara, wadda za ta ɗauki hotuna dubbai kafin a komo gida. Abu guda da ba a cika yi wa guzuri ba shi ne idon da zai ɗauki hotunan. Wannan nazari zai auna al'amarin da littattafan hotuna biyu na wasu baƙi biyu, ɗaya ya yi dogon zama a Amurka, ɗaya a dajin Nijar, domin mu ga abin da zama yake bai wa ido da kuma abin da ba ya iya ba shi.

Baƙon da ya jira shekara takwas

An haifi Robert Frank a birnin Zurik na ƙasar Suwis cikin shekara ta 1924, a gidan Yahudawa. Ya koyi sana'ar hoto tun yana saurayi a hannun gwanayen ƙasarsu, koyo mai tsabta da ƙa'ida, inda ba a yarda da karkata ko dishi-dishi ba. Cikin 1947 ya tsallaka teku ya sauka Niyok, ya samu aiki a mujallar kwalliya mai suna Harper's Bazaar. Bai jima ba aikin ya gundure shi. Ya tafi Peru da Bolibiya cikin 1948, ya koma Turai ya ɗauki ma'aikatan banki na Landan da masu haƙar gawayin ƙasa na Wales, ya sake komowa Amurka. Sai cikin 1955, shekara 8 bayan saukarsa ta fari, ya samu tallafin gidauniyar Guggenheim tare da goyon bayan babban mai hoto Walker Evans, domin ya zagaya ƙasar ya ɗauke ta yadda baƙo yake ganin ta.

Ya sayi tsohuwar mota Ford, ya rataya ƙaramar kamara Leica, ya kama hanya. Tsakanin 1955 da 1956 ya ci kimanin kilomita dubu 16, ya ƙone naɗin fim fiye da 760, wato hotuna wajen dubu 27. A jihar Arkansas ƴan sanda suka tsare shi, suka yi awoyi suna yi masa tambayoyi, don kawai harshensa na baƙo ne, motarsa cike da kamarori, kuma zamani ne na farautar ƴan kwaminis. Da ya komo ya wanke kusan hoto dubu ɗaya, ya baza su yana dubawa, yana tankaɗe da rairaya, har suka rage 83. Su ne littafin da Robert Delpire ya fara bugawa a Pari cikin 1958 da sunan Les Américains, kafin ya fito a Amurka cikin 1959 da gabatarwar marubuci Jack Kerouac.

Mai buɗe littafin zai fara cin karo da mata biyu a tagogin wani gida a Hoboken suna kallon fareti, tutar Amurka ta rufe fuskar ɗayarsu ɗungum. Can gaba akwai hoton taragon cikin gari na New Orleans: a tagogin gaba farar fata, namiji da mace da yara biyu, a tagogin baya wani baƙar fata da ya zuba wa mai ɗauka ido, da wata mace a bayansa. Babu rubutu, babu wa'azi, tagogin kansu sun jera mutane bisa dokar wariya. An ɗauki hoton makwanni kaɗan kafin Rosa Parks ta ƙi tashi daga kujerarta a Montgomery, ranar 1 ga Disamba 1955. Dubban Amurkawa suna ganin wannan tarago kowace safiya, sabo ya hana su ganin sa. Ɗan yawon buɗe ido na mako biyu kuma da ya gan shi sai ya ɗauke shi don kyan ƙirarsa. Frank yana tsakanin biyu: ya daɗe har ya san ma'anar kujerar baya, bai kuwa daɗe har zuciyarsa ta daina jin ta ba.

Masu sharhi na lokacin sun yi masa ca. Suka ce hotunansa sun karkace, sun yi duhu, sun yi tsaki-tsaki, aikin ƙazami ne mai ƙin Amurka. Gaskiya ne ya yi gwaje-gwaje: yakan ɗauka cikin duhun mashaya ba tare da walƙiyar kamara ba, yakan ɗauka daga tagar mota, yakan bar fuska ta dushe domin abin da ke bayanta ya fito. Amma mutumin da ya yi wannan ya riga ya ƙoshi da ƙa'ida tun a Zurik. Wanda bai iya miƙe layi ba, karkatarsa ba gwaninta ba ce. Kuma kowane gwaji nasa yana da dalili cikin abin da yake son faɗa. Duhun mashayar shi ne labarin, haskaka ta da ya zama ƙarya.

Duk da haka littafin ba ya rasa abin zargi. Mafi yawan mutanen da ke cikinsa ba a tambaye su ba, an sace su ne kamar yadda shirwa take fizge ɗan tsako. Akwai hoton wasu baƙaƙen fata biyu, namiji da mace, bisa wani tudu a San Francisco, namijin ya waiwayo yana harara, harara ce ta wanda aka shiga wa hurumi ba sallama. Haka kuma Amurkar Frank ƙasa ce mai ƙarancin dariya. Cikin hotuna dubu 27 ba shakka akwai masu fara'a, shi ne ya zubar da su. Littafin shaida ce ta mutum guda mai ciwo a zuciya, kuma darajarsa ita ce bai ɓoye hakan ba. Hoton ƙarshe na matarsa ne da yaro cikin motar, a gefen hanya a Texas, sun gaji tilis. Da wannan ya nuna wa mai kallo wanda ya biya kuɗin tafiyar.

Baƙuwar da ta zauna cikinmu

Yanzu mu juyo gida, inda mu ne abin kallo. Carol Beckwith Ba'amurkiya ce, haifaffiyar 1945, ta karanci zane da hoto a Boston. Bayan littafinta bisa Masai na gabashin Afirka, wanda ya fito cikin 1980, ta zo Nijar ta zauna tare da Woɗaɓe, waɗanda Hausawa suke kira Bororo. Zama ta yi na gaske, na watanni masu yawa, tana tafiya tana komowa. Ta bi iyalin wani makiyayi daga rijiya zuwa rijiya, ta sha nono da ruwan da suke sha, ta koyi abin da ya samu na Fillanci. Sakamakon shi ne Nomads of Niger, wanda ya fito cikin 1983 da rubutun Marion van Offelen, masaniyar al'adu ƴar ƙasar Beljik, sai kuma wani dogon rahoto a mujallar National Geographic ta watan Oktoba na wannan shekara.

Ta fuskar ladabin baƙunta Beckwith ta fi Frank nesa ba kusa ba. Ta yi sallama, an amsa mata, an shimfiɗa mata tabarma. Ana ganin haka cikin hotunan: fuskoki a sake, kamara ta matso har tana ƙirga zanen fuska ba wanda ya ɗaure gira. Littafin kuma bai tsaya ga biki kaɗai ba, akwai jan ruwa a rijiya, da ɗaurin kaya bisa takarkari, da ƙoren mata jere bisa saga. Wanda ya ce ta yi ƙarya ya zalunce ta. Woɗaɓe mutane ne masu girmama kyau, rawar Yake da ta Gerewol don a kalla aka yi su, saurayin da ya shafa jar ƙasa ya fiddo farin ido da farin haƙori so yake a gan shi.

Matsalar tana ga abin da ya faru da hotunan bayan sun bar hannunta. Duniya ta zaɓi na biki ta bar na rijiya. Fuskar saurayi mai kwalliya ta hau bangon mujallu da tallan kamfanonin yawon buɗe ido, ta jawo masu kamara zuwa Ingal lokacin bikin gishiri, ta jawo masu silima irin su Werner Herzog, wanda ya fitar da fim ɗinsa bisa Woɗaɓe cikin 1989. Biki na kwana 7 ya rufe shekara mai kwana 365. Alhali shekara guda kacal bayan fitowar littafin fari na 1984 ya auko, shanu suka mutu garke-garke, makiyaya da yawa suka gangaro birane suna gadin gidaje, suna sayar da magani da kayan ado, matansu suna kitso. Mutumin Maraɗi ko na Tawa ya san wannan Baborore sarai, yana wuce shi kowane dare a ƙofar kanti. Baƙon da ya zo da littafin a jakarsa kuwa yakan wuce shi bai gane shi ba, don ba shi ya zo nema ba. Kristín Loftsdóttir, masaniya ƴar ƙasar Aisilan, ta yi nazarin wannan giɓi cikin littafinta The Bush Is Sweet na 2008, inda ta nuna yadda Woɗaɓen birni suke rayuwa ƙarƙashin inuwar hoton da aka yi musu, har wasu suna cin abinci da shi.

Rabon Beckwith cikin wannan laifi shi ne ƙaunar kyau da ta rinjayi alƙalaminta na zaɓe. Launi mai ɗaukar ido, hasken la'asar, takarda mai sheƙi, duka suna sa littafin ya yi kama da duniyar da agogo bai shiga ba, kamar babu haraji, babu kasuwa, babu gwamnati, babu manomin da gonarsa ta ci burtali. Frank ya zubar da dariya ya ajiye ɗaci, ita ta fifita ado bisa wahala. Dukkansu sun yi dogon zama, dukkansu sun ga fiye da abin da suka nuna. Ashe dogon zama yana buɗe ƙofa ne kawai. Hukuncin yana faɗuwa ranar tankaɗe, sa'ad da matafiyi ya zauna shi kaɗai yana cewa wannan a nuna, wannan a ɓoye.

Namu idon a ƙasar wasu

Ɗan Nijar ba sabon shiga ba ne ga wannan al'amari. Cikin fim ɗin Jaguar, wanda Jean Rouch ya ɗauka cikin 1954 ya kuma fito cikin 1967, samari uku, Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia da Illo Gaoudel, sun tafi cin rani ƙasar da ake kira Gana yau, sun yi dako da ƙwadago da ƙaramin ciniki a Akra da Kumasi, sun komo gida da tsaraba da labarai masu gishiri. Cikin Petit à petit na 1971 kuwa Damouré ne ya sauka Pari domin ya ga gidajen sama, ya ɗauki ma'auni yana tsayar da Faransawa bisa titi, yana auna kawunansu, yana duba haƙoransu, kamar yadda masanan Turai suka yi wa kakanninmu. Abin dariya ne, amma darasi ne babba: baƙon ya isa birnin da tambayarsa a hannu, ya ƙi yarda ya zama ɗan ƙauye mai sakin baki.

Idan aka kwatanta wannan da hotunan da ke kwarara yau cikin wayoyin iyalai ta WhatsApp da Facebook, sai a ga an koma baya. Saurayi a gindin hasumiyar Eiffel, saurayi ya jingina da motar da ba tasa ba, budurwa a ƙofar babban kanti, kowa cikin ƙanƙarar fari yana murmushi. Ɗakin mutum huɗu ba ya fitowa, haka layin sabunta katin zama da ake kamawa tun asuba, haka aikin wanke-wanke na dare, haka sallar idi da aka yi cikin ɗakin ajiye motoci. Mai hoto na Gana Philip Kwame Apagya ya shahara da zanen labulen baya mai jirgin sama ko ɗaki cike da firij da telebijin, mutum ya tsaya gabansa a ɗauke shi. Amma a ɗakin Apagya kowa ya san labule ne, da mai hoto da mai kallo wasa guda suke yi. Matafiyin yau ya mayar da birni na gaske labule, mai kallo a gida kuwa bai san wasa ake yi ba.

Ba a rasa uzuri. Wanda ya bar uwa tana kuka ba ya son ƙara mata damuwa, kuma rufin asiri ɗabi'a ce da aka yi mana tarbiyya bisa gare ta. Sai dai hoton ba ya tsayawa hannun uwa. Yana zuwa hannun ƙane mai shekara 17 da ke zaune a fada yana shan shayi ba aiki. Talauci ne ke tayar da mutum daga gida, wannan ba gardama, amma hoto yana cikin abubuwan da ke nuna masa alƙibla, yana kuma rage masa tsoron hanyar da ta cancanci a ji tsoronta. Abin da aka yi wa Woɗaɓe, wato a nuna biki a ɓoye shekara, shi muke yi wa kanmu da hannunmu.

Guzurin ido

Idan haka ne, shirin dogon zama ya kamata ya haɗa da abin da ba ya shiga akwati. Na fari shi ne sanin wurin kafin a isa: tarihinsa, da yadda mutanensa suka ɗauki kansu hoto, domin kada baƙo ya ɓata shekara yana maimaita katin gaisuwa da ake sayarwa a tashar jirgi. Na biyu shi ne harshe, ko da gwargwadon sallama da neman izini. A Faransa doka tana kare siffar mutum, wanda aka yaɗa hotonsa ba da yardarsa ba yana iya kai ƙara; a ƙasashe da dama kuma ɗaukar bariki ko filin jirgi yana kai mutum inda Frank ya tsinci kansa a Arkansas. Amma tun kafin doka akwai kunya. Wanda ya san zafin anasaran da ya saka masa kamara a fuska cikin kasuwar Damagaram ba tambaya, bai kamata ya je ya yi wa tsohuwar Istambul haka ba.

Na uku shi ne haƙuri da hotunan watannin fari. A ɗauke su, domin mamakin sabon zuwa ba ya dawowa, amma a ajiye su su kwana. Kowa ya daɗe ya ga daɗau. Bayan shekara guda mutum zai duba ya ga wanne ne ya ga wani abu, wanne ne kawai ya saki baki. A nan ne gwaji yake da amfani. Wayar zamani cike take da launukan aro da ake shafa wa hoto da yatsa guda, kuma da yawa suna zaton wannan ne gwaji. Gwajin da ke koyar da ido ya fi haka wuya kuma ya fi haka arha: a zaɓi mararraba guda a ɗauke ta cikin sanyi da bazara, da asuba da almuru; a yi wata guda ba a ɗauki fuskar kai ba; a ɗauki tukunyar da ɗalibai shida suke tarayya cikinta, da hannun mai gyaran takalmi na unguwa bayan an san sunansa. Wanda ya yi haka zai tarar kamara ta zama dalilin gaisawa da maƙwabta, ta rage masa kaɗaicin da ke cin baƙo fiye da sanyi.

Na ƙarshe shi ne tankaɗe da adana. Mai fim 36 a naɗi yana tunani kafin ya danna, mai waya yana dannawa ba lissafi, ga shi waya tana faɗuwa, tana ɓata, ana sace ta. Hoto 30 da aka zaɓa, aka wanke bisa takarda, aka rubuta wuri da shekara a bayansu, sun fi dubu 10 da ke jibge cikin na'ura. Muna da misali a gida. Philippe Koudjina, wanda aka haifa a Kwatano cikin 1940 ya rasu a Yamai cikin 2014, baƙo ne da ya zo ya zauna, kuma da yawa daga abin da idonmu ya sani na daren Yamai na shekarun 1960 da 1970, da makaɗanta da masu rawarta, daga kamararsa ya fito. Lokacin da yake ɗauka abincinsa yake nema, yau tarihi ne.

Haka zaman ɗiyan Nijar a Rabat da Alƙahira da Liyon zai zama tarihi wata rana, jikoki za su tambayi yadda aka yi. Hasumiyar Eiffel ba ta bukatar shaidarmu, miliyoyi sun riga sun ɗauke ta. Ɗakin da aka kwana mutum huɗu, da tukunyar tarayya, da maƙwabciyar da ta kawo bargo daren fari, idan wanda ya zauna cikinsu bai ɗauke su ba, babu mai ɗaukar su.